Daga Tsidau Zuwa Fasasshiyar Kwalba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi, keke ya fara dawowa kan titunan Kano. Da farko ɗalibai ne da leburori, sannu a hankali sai ga malaman makaranta, ga masu gadi, ga ƙananan ma'aikata da suka jingine babur a zaure saboda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Na yi murna da wannan dawowa, don ban taɓa ganin ranar da keke ya cuci talaka ba. Abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda nake gani suna tura shi maimakon su hau: mutum da rana tsaka, gumi ya jiƙa masa riga, tayar baya ta kwanta, yana waige-waigen inda zai ga mai faci. In ka lura, mafi yawansu matasa ne da suka taso a zamanin acaɓa. Tuƙi kam sun iya. Abin da ba su gada ba shi ne sanin taya, wanda iyayenmu suka ɗauka rabin hawan keke ne.

A ƙauyenmu, can gabas da Kano, keke dukiya ne lokacin da muke yara. Kuɗin gyaɗar shekara guda, wani lokaci har da na ɗan maraƙi, ake haɗawa a sayo Raleigh, wanda asalinsa daga Notingam ta Ingila yake kafin a fara haɗa shi a nan Kano. Manya sun ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da keke ke da lasin, a biya kuɗi a ɗaura masa ɗan farantin ƙarfe. Wanda ya mallaki abu mai irin wannan tsada ba ya sakaci da shi. Kawuna fatauci yake yi da nasa, ya ɗaura buhun barkono a kariya ya nufi kasuwar Wudil ranar Juma'a, kuma a wurinsa na ga yawancin abin da zan faɗa. Kafin ya fitar da keken daga zaure sai ya danna kowace taya da babban yatsa. Ya ce tayar da ta ƙoshi da iska, taurinta kamar na ɗanyen mangwaro ne. In ta fara ba da kai, to ta nuna, sai ya zare famfon da ke maƙale a jikin keken ya ƙara mata. Daga nan ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta a hankali, tafin hannunsa na bin bayanta, idonsa na kan roba. In ya ga ɗan ɗigo, baƙi ko fari, sai ya sa tsinke ko bakin reza ya ɓanɓaro shi. Haka zai yi wa ta baya. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Ai ƙaya ba ta shiga rana ɗaya, ɗana. Jiya ta kama, yau take hudawa."

Gaskiya ya faɗa. Gajeriyar ƙaya ko tsinin kwalba ba safai suke kai wa tif a karon farko ba. Maƙalewa suke yi a cikin kaurin roba, duk juyin da ƙafar ta yi nauyin mahayi ya ƙara tura su ciki kaɗan, har su kai ga iska. Tsakanin kamawa da hudawa akwai tazara, wani lokaci ta wuni, wani lokaci ta mako, kuma a cikin wannan tazara ce mai lura ke tsira.

Hanyoyin wancan lokaci burtali ne da 'yar turba, babu kwalta sai an fita babban titi, don haka ƙaya ce kaɗai abin tsoro. Amma ƙaya iri-iri ce, mahayin kirki kuwa ya san halin kowace. Ta aduwa doguwa ce, koriya tun tana ɗanya, takan kai tsawon yatsa. In ta sami taya daidai ba ta tsayawa sai ta ɓulla ta ɗaya gefen tif. Ta bagaruwa da ta farar ƙaya tagwaye suke fitowa, farare, ana hango su a kan rairayi in ido na aiki. Ta magarya gajera ce mai ƙugiya, ita ce mai maƙalewa ta yi shiru. Kuma kowace da lokacinta. Bayan an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, masu rogo da masu lambu kan saro ƙaya su jawo ta a ƙasa don yin shinge, duk inda suka bi kuwa sun bar baya da ƙura. Da rani makiyaya na sassabe gawo su zubo wa awaki, rassan su bushe a gindin bishiyar, nan kuwa inuwa take, nan mai keke ke son tsayawa ya huta. Kawu in ya ga sawun jan ƙaya a turba, waɗannan siraran layuka da ke bin juna a kan rairayi, sauka yake yi ya tura a hankali yana share gabansa da ƙafa, ko ya sake hanya gaba ɗaya ko da ta fi nisa.

Sarkinsu duka tsidau ne. 'Yar ciyawa ce mai yaɗo, furenta rawaya, ba ta da wani kwarjini. Da damina take mamaye gefen hanya, filin makaranta, bayan kasuwa, duk inda ƙasa ta sha taku. In 'ya'yanta suka bushe sai kowanne ya rabe gida biyar, kowane ɓari da ƙayoyinsa masu tauri a karkace, ta yadda ko ta ina ya faɗi akwai wadda ke kallon sama. Duk wanda ya yi yawo ba takalmi a ƙauye ya san ta a tafin ƙafarsa. Taya kan kwashi da yawa a wucewa ɗaya, mai faci ya liƙe huji ya mayar cikin ruwa, wani ya ɓullo. Saboda ita ne abin da ake fara koya wa yaro shi ne ya bi tsakiyar turba, inda sawun mutane da kofaton jakuna suka riga suka kwashe ƙaya, kada ya yanke kwana ta cikin ciyawa don sauri, kada kuma ya jingine keke a kan yaɗo. Karangiya kuwa, duk da sunan da ta yi, wando da zani take wa ɓarna. Tayar da ke da sauran ƙwari ba ta jin ta. Kuma ba mu kaɗai tsidau ya addaba ba. Ya tsallaka zuwa yammacin Amurka a farkon ƙarnin da ya wuce, ya hana masu keke sakat a Kaliforniya da maƙwabtanta, har a 1961 aka shigo da wasu ƙananan ƙwari daga Italiya don su riƙa cin 'ya'yansa da karansa.

Wannan wahala ita ce farashin laushin taya. Kekunan da suka gabaci tayar iska ba sa faci, domin tayarsu roba ce curi guda babu iska, sai dai mahayi na jin kowane dutse har cikin ƙashin bayansa. John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi ɗan Sikotlan da ke zaune a Belfas, shi ne a 1887 ya naɗa wa keken ɗansa mai ƙafa uku robar da aka hura wa iska, ya yi rajistar dabarar a 1888, ko da yake daga baya an gano cewa Robert Thomson ya riga shi tun 1845. Tayar Dunlop ta farko manne take da rim, in ta huje sai an yi awoyi ana ɓarewa ana liƙewa, sannan a bar ta ta kwana ta bushe. 'Yan'uwan nan biyu, Édouard da André Michelin, su ne a 1891 suka fito da wadda ake zarewa a gyara a mayar a gefen hanya, a shekarar kuma Charles Terront ya ci tseren zuwa Brest daga Paris da dawowa, wajen kilomita 1,200, a kan irinta. Tun daga nan duniya ta yarda da cinikin: a sami laushi da sauri, a zauna da fargabar huji. Har gobe ana ƙera tayar da ba ta da iska, wasu ma na tambayar me ya hana mu koma mata. Wanda ya taɓa ɗaura buhu biyu ya bi hanya mai gargada ya san amsar. Duk dukan da iska ke shanyewa, wayoyin ƙafa da rim ne za su sha shi, ga ta da nauyi, ga nutsewa a yashi.

Mai facinmu a gindin wata ceɗiya yake zama a bakin kasuwa, ya zaɓi bishiyar da ba ta zubar da ƙaya. Kayan aikinsa ba su da yawa: rabin garwa da ruwan da ya yi baƙi, famfo, almakashi, guntun zarto, ƙarafa biyu masu faɗin baki da ya goge su suka yi sumul, gwangwanin sholisho, sai tsoffin tif rataye a reshe. Zai kifa keken a kan sirdi, ya ɓalle gefe ɗaya na taya, ya zaro tif ya hura masa iska, ya riƙa tsoma shi cikin ruwa taƙi-taƙi har kumfa ta taso. Nan zai soka tsinken ashana don kada wurin ya ɓace, ya ci gaba har ya zagayo, don ya san huji ba ya zuwa shi kaɗai a ƙasar tsidau. Ya goge ruwan, ya kankare wurin da zarto har ƙyallin ya gushe, ya yanko faci daga tsohon tif ya zagaye kusurwoyinsa ya kankare shi ma, ya lakato sholisho da ɗan yatsa ya shafa wa duka biyun siriri. Sannan ya ajiye ya juya ga wani aikin. Nan ne masu gaggawa ke ƙosawa. "Baba, ka manna mana mu tafi, kasuwa na watsewa." Shi kuwa ba ya ko ɗaga kai: "Yaro, in na manna yanzu, kafin ka kai rafi ka dawo." Sai sholishon ya daina kama yatsa yake haɗawa, ya ɗora a kan kututture ya bubbuga da ƙotar guduma daga tsakiya zuwa baki.

Abin da ya bambanta shi da ɗan koyo yana zuwa ne bayan wannan. Ba ya mayar da tif sai ya zura yatsunsa cikin tayar ya zagaya ta kaf, a hankali, yana laluben abin da ya yi hujin. Yatsunsa duk tabon ƙaya ne. Kuma yana karanta huji ya faɗa maka laifin wa ne. Ɗan ɗigo guda a bayan tif, ƙaya ce, ba ruwan kowa. Tsagu biyu a jere kusa da juna kuwa, sai ya dubi mai keken ya ce, "Malam, wannan ba ƙaya ba ce, rim ne ya cije shi. Ba ka ba ta iska." Tayar da ta yi laushi in ta daki dutse ko bakin rami, lotsewa take yi har tif ya matsu tsakanin ƙarfe da ƙasa, gefen rim biyu su datse shi. In hujin a cikin ciki yake, ɓangaren da ke kallon rim, to kan waya ne ya leƙo, sai ya goge kan wayar da zarto ya yanko ɗamara daga tsohon tif ya zagaye rim da ita. In a gindin bawul ya yage, shi ma rashin iska ne: taya na zamewa a kan rim duk lokacin da aka ja birki, tana jan tif, bawul na karkacewa har ya tsinke. Sau da yawa ma babu huji sam. Bawul ɗin Raleigh da 'yar siririyar roba yake aiki, wadda zafi ke cinyewa, don haka kafin ya kwance komai sai ya ɗiga miyau a bakin bawul ya jira. In ya kumburo, robar kawai zai sake, kuɗinta bai kai na goro ba. Duk wanda ya kai masa keke yakan tafi da faci ya tafi da karatu, kuma karatun ne ke rage masa dawowa. Mutumin nan da hannunsa yake rage wa kansa ciniki, bai kuwa taɓa fasawa ba.

Shi ne kuma ke yi wa fatake sulke. In taya ta tsufa, ba a yar da ita. Ya yanke wayar leɓenta biyu, ya sassaƙe bakin ya yi laushi don kada ya ci tif, ya shimfiɗa ta a cikin sabuwa. Keken yakan yi nauyi, feda ta ƙara tauri, amma tsidau ba ya ratsa roba biyu. Ƙafar baya aka fi yi wa, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma ita ke karɓar ƙusar da ta gaba ta taka ta tayar tsaye. In taya ta tsage a gefe, a sa guntun wata daga ciki, baduku ya ɗinke. In kuwa abin ya faru a daji, babu sholisho babu mai faci, a ƙulle wurin hujin tam da zaren roba daga nan da nan, a hura a lallaɓa. In ya ƙi, a cusa busasshiyar ciyawa a taya don dai kada rim ya lalace kafin a isa gari. Akwai abu ɗaya da nake ganin mutanen da sun wuce gona da iri a kai, wato rage iska da bazara don tsoron fashewa. Zafi na ƙara wa iska ƙarfi, haka ne, amma ko taya ta tashi daga digiri 30 zuwa 60, ƙarin wajen kashi goma cikin ɗari ne, lafiyayyar taya na ɗauka. Wadda ke fashewa a rana tsohuwa ce da ta riga ta tsattsage. Inda suka yi daidai shi ne ajiye keke a inuwa, don rana na cin roba a hankali ko ba a hau ba.

Canjin farko a cikin taya ya faru, inda ido ba ya gani. Waɗanda suka girme ni kaɗan za su tuna jan tif, wanda yara ke rububinsa don yin danƙon harbin tsuntsu. Na ƙaron itacen roba ne, yana da miƙewa, yana karɓar faci da kyau, amma iska na zirarewa ta jikinsa ko babu huji, shi ya sa kowane keke ke yawo da famfonsa. Baƙin tif da ya maye gurbinsa na butil ne, robar da aka haɗa daga man fetur a Amurka a 1937, wadda ta sami kasuwa bayan Japan ta kama gonakin robar Malaya a 1942. Butil na riƙe iska nesa ba kusa ba fiye da na itace, wannan kuwa ci gaba ne na gaske. Sai dai ya zo da abin da ba a zata ba. Da taya ta daina neman iska kullum, sai hannu ya daina zuwa wurinta kullum. Famfo ya ɓace daga jikin keke, danna yatsa da safe ya tafi, duba ƙaya ya bi shi, don dama tare ake yin su. Yanzu mutum kan hau har sai ya ji rim na dukan ƙasa kafin ya tuna akwai iska a ƙarƙashinsa.

Sauran canjin na aljihu ne. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ɗora ma'aikata a kan babur, keke ya koma na ƙauye da na mai ƙaramin ƙarfi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, Raleigh ya fi ƙarfin manomi, Phoenix na Shangai da Hero na Indiya suka cike gurbin. Akwai lokacin da ake ƙera tayar keke da tif a ƙasar nan, Odutola na Ijebu Ode ya yi suna a kai. Manyan masana'antun tayar mota ma sun tafi, Michelin ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja a 2008, alhali har yau ana tsagar itacen roba a Edo da Delta. Raleigh kansa ya daina ƙera keke a Notingam tun 2002. Tif ɗin da ke kasuwa yanzu daga waje yake zuwa, hawa-hawa, kuma mai ƙaramin ƙarfi na ƙasan yake iya saye. Masu faci na kuka da shi: gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, yana buɗewa ta wurin haɗi, in ka kankare shi sai ya yi gari, faci ba ya zama. Mutum ya saya da araha, ya sake saye, ya sake, har kuɗin ya haura na mai kyau guda. Ga kuma kekunan gwanjo na Japan da Turai, masu sauƙin nauyi da giya, waɗanda suka rushe zamanin da kusan kowane keke ƙafarsa inci 28 ce, bawul iri ɗaya. Yanzu ga 26, ga 27, ga wasu lambobin, bawul kala uku. In ba a sami tif daidai ba sai a cusa wanda ya samu, babba ya naɗe a ciki, ƙarami ya miƙe ya sirance, dukansu kuwa ba sa nisa. Girman taya da yawan iskar da take so a rubuce suke a gefenta, amma da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya karanta.

Mai faci shi ma ya bi inda abinci yake. Da acaɓa ta cika gari ya koma wa babur, da aka hana ta a Kano a Janairun 2013 ya koma wa A Daidaita Sahu da mota. Ya sayi injin iska, ya koyi facin wuta, wanda ake ɗora tsohon fistin a zuba kananzir a kunna a matse, ya koyi soka wa tubles zare ba tare da an kwance ta ba. Mai keke in ya zo, shi ne na ƙarshen layi, yaron shago ake tura masa. Yaron ya ɓalle taya da sukuddireba mai kaifi ya ƙara huji na biyu, ya manna tun sholisho na ɗanye, ya mayar ba tare da ya laluba ciki ba, ya sa bakin inji ya hura har taya ta yi ƙara. Ban ga laifin maigidan ba, domin abin da zai samu a facin keke bai kai na man da injinsa ya sha ba. Ban ga na yaron ba, don babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa. Ko sholisho kansa, wanda muka sani a matsayin kayan sana'a, yau in ka ambace shi abin da ke fara zuwa zuciyar mutane yaran da ke shaƙarsa a kango ne. Wannan yana yi mini ciwo fiye da duk sauran.

A ƙasashen da keke ya zama abin marmari, wata hanyar suka bi: suka ɗauki kular da mahayi ke yi suka zuba ta cikin roba. Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano zaren Kevlar a 1965, wanda ake rigar sulke da shi, daga baya aka riƙa shimfiɗa shi a ƙarƙashin bayan taya. Kamfanin Schwalbe na Jamus na da wata taya, Marathon Plus, mai shimfiɗar roba ta milimita 5 a ciki, wadda in ka duba da kyau dabarar mai facin gindin ceɗiya ce aka yi a masana'anta. A 1999 Mavic na Faransa ya fito da ƙafar keke marar tif, sannan aka zo da wani farin ruwan roba da ake zubawa a ciki, ƙaya na hudawa iska na tura shi ya toshe wurin kafin mahayi ya ankara. Abubuwa ne masu kyau, ina kuma fatan ranar da manomin Jigawa zai same su a kasuwar ƙauyensa. Amma irin waccan taya guda biyu kuɗinsu na iya kusantar na keken gwanjo sukutum, ruwan kuwa bushewa yake yi cikin 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi saurin bushewa. Mu mun saki ta hannu, ba mu kama ta masana'anta ba. Abin da ya rage wa malamin makarantar da ya koma keke shi ne famfo nasa na kansa, tif daidai da ƙafa, taya mai ƙwari ko da ta baya ce kaɗai, ɗamara a kan rim, da minti biyu kowace safiya.

Sai dai ko ya yi duk wannan, hanyar da yake bi ba irin ta Kawu ba ce. Ƙaya na da lokacinta, tana da wurinta, tana barin sawu. Abin da ke huda taya a birni ba shi da ko ɗaya. Fasasshiyar kwalba ce, da gilashin motar da ta yi haɗari aka share shi zuwa gefe, da ƙusoshin katakon da aka ɓalle, da guntun reza. Mafi sharrinsu siririyar wayar ƙarfe ce da ke cikin tayar mota, wadda ke zubewa in tayar tirela ta cinye, ko in an ƙone taya a kan titi wuta ta ci roba ta bar ta. Tsawonta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ba a ganinta daga waje, yatsa ma kan wuce ta. Sai an juya taya ciki waje an bi ta da ɗan audugar da zai maƙale. Ita ce ke sa mutum ya yi faci yau, gobe, jibi, a wuri ɗaya. Iskar motoci da ruwan sama na tura duk wannan tarkace zuwa bakin kwalta su cakuɗa shi da yashi, nan kuwa daidai inda manyan motoci ke kora mai keke. Jiƙaƙƙiyar kwalba ta fi busasshiya saurin yanka roba, shi ya sa washegarin ruwa layin mai faci ke tsawo. A titin Zariya ko na Haɗeja ba za ka ce wa yaro ya bi tsakiya ba, don tsakiyar ta tirela ce. Iyakar abin da za ka ce masa shi ne ya bar kamu ɗaya tsakaninsa da yashin gefe, ya bi inda ƙafar mota ta dama ta riga ta share, muddin akwai sarari.

Sarari kuwa ba kullum ake samu ba, kuma a nan maganar ta fi ƙarfin mahayi. Masu sharar titi na tara yashin gefe tsibi-tsibi, in motar kwasa ba ta zo ba iska ta mayar da shi inda yake. In an yi karo, ana janye motocin a bar gilashin. Kafinta da makaniki da mai sayar da lemon kwalba duk bakin titi suke watsa abin da ya fashe musu. Wannan ɗan gefen kwalta shi ne hanyar dubban mutanen da tsadar mai ta sauko da su daga babur, kuma kowane huji kuɗin abincin rana ne da makara a wurin aiki. Ya kamata hukumomin shara su riƙa kwashe yashin gefen manyan tituna ranar da aka tara shi, musamman da damina, a kuma ɗora wa masu janye motar da ta yi haɗari nauyin kwashe gilashinta kafin su bar wurin.